Wanda Aka Ce Ya Ɗaure Mana Ruwa

Ranar Talata muka binne Baffa, bayan azahar. Baffa yayan mahaifina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, kuma shi ne na ƙarshe da ya rage a cikinsu. Muna cikin mayar da ƙasa gabas ta fara haɗa hadari. Kafin mu iso gida daga maƙabarta ruwa ya sauko, irin mai ƙarfin nan da ke sa dattijo ya manta da girmansa ya ruga. Muka cunkushe a zauren gidansa, riguna sharkaf. A ko'ina aka yi jana'iza aka samu ruwa, cewa ake yi rahama ce ta bi mamaci. A zauren Baffa ba wanda ya faɗi haka. Wani dattijo da ke bayana ya sunkuya wajen na kusa da shi, ya ce a hankali, “Ka ga an saki.” Ɗayan ya ce, “Bari dai. Allah ya yafe masa.”

Na ji su sarai, amma ban juya ba.

Ragowar yinin ina zaune a bakin tabarma ina karɓar gaisuwa, ina kuma sauraren yadda ake yin ta. Wanda ya zo daga Gaya ko Ajingi, wanda ya san Baffa a kasuwa ko a masallacin Juma'a, cewa yake yi, “Allah ya jiƙansa, mutumin kirki.” Mutanen ƙauyenmu kuwa, nan bayan Toranke, kusan bakinsu ɗaya: “Allah ya yafe masa.” Addu'a ce mai kyau, ba wanda ya fi ƙarfinta. Amma akwai yadda ake jan ta, a sauke murya a ƙarshe, a kalli ƙasa, kowa kuma ya san me ake nufi. Shekara goma sha ɗaya ke nan garinmu ya tsaya a kan cewa Baffa yana ɗaure mana ruwan sama, yana kora hadari don jiragen birni su samu sauka. Da wannan sunan ya ƙarasa rayuwarsa, da shi aka sa shi a rami. Ni kuma na ga abin da zai iya wanke shi, da idona na gani, na yi shiru duk tsawon shekarun nan.

Da la'asar Inna, matar Baffa, ta aiko aka kira ni cikin gida. Na durƙusa na yi mata gaisuwa. Ba kuka take yi ba. Ta ce, “Sun zo da yawa?”

Na ce, “Sun zo, Inna.”

“Me suke cewa?”

“Addu'a suke yi.”

Ta dube ni ta ce, “Jibi addu'ar uku. Kai dai ka san abin da ka sani.” Ta gyara mayafinta, ta juya wajen matan da ke shigowa.

Bari in faɗi wane ne Baffa ga wanda bai san shi ba. Tun yana saurayi ya bar fartanya ya tafi Kano, ya samu aiki a ofishin duba yanayi na filin jirgin sama, ya yi shekara talatin da 'yan kai a can. Bai taɓa tuƙa jirgi ba, sau biyu ma kawai ya taɓa shiga cikinsa, kuma ya ce duka biyun amai ya yi. Aikinsa shi ne ya fita fili ya dubi sama, ya auna iska da zafi da ruwa, ya rubuta, a kai wa matuƙa kafin su tashi ko su sauka. “Ni idon matuƙi ne a ƙasa,” haka yake faɗa in an tambaye shi.

Dogo ne siriri, wuyansa kullum a ɗage. Kana yi masa magana idonsa na can saman kanka, har ka waiga ka ga ko wani ne ya hau bishiya. Yana da wani hali da ya riƙa ɓata wa mutane rai tun kafin a fara zarginsa. Kowa ya san gaisuwar damina: a ce maka ya ruwa, ka ce ya yi gyara, a wuce. Baffa ba ya iyawa. In ka ce masa, “Baffa, ya ruwa?” sai ya tsaya ya ce, “Na jiya bai kai yatsa biyu ba. Bai ratsa ƙasa ba, kada ka ruɗu.” Gaskiya yake faɗa maka, amma kai gaisuwa ka yi. Mahaifina, ƙaninsa, ya sha yi masa faɗa a kan haka. Ya ce, “Yaya, rahamar Allah kake wa awo da yatsa?” Baffa ya ce, “In ban auna ba, ta yaya zan san yawan godiyar da zan yi?” Suka yi mako ba sa cin tuwo a kwano ɗaya.

Idan ya samu mai saurare, nan ne daɗinsa. Sai ya share ƙasa da tafin hannu a ƙofar zaure, ya ɗauki tsinke yana zane. “Iska biyu ke rabon ƙasar nan,” in ji shi. “Ɗaya tana tasowa daga teku, can kudu maso yamma, mai danshi, tana bin ƙasa. Ɗaya tana zuwa daga gabas, tana bi ta sama. Damina ita ce lokacin da ta tekun ta samu ƙarfin turowa har ta wuce mu. In ta shigo da kauri, rana ta dafa ƙasa, sai gajimare ya yi ta hawa kamar ana ginin rumbu, in ya kai inda zai kai kansa ya baje. To ta saman ce ke ɗaukarsa ta yi yamma da shi. Shi ya sa za ka ga ganye yana karkata gabas, hadari kuma daga gabas ɗin yake tahowa.”

Wata rana na tambaye shi ko ruwa na shiga injin jirgi ya kashe shi. Ya yi dariya har da buga cinya. Ya ce, “Matuƙi ba ruwa yake tsoro ba. Iskar da ke gaban ruwan yake tsoro, mai sanyin nan da ke kwashe wa mata shanya. Jirgi da iska a goshi yake sauka, ita ke tallafe shi. In ta juye masa farat ɗaya ta koma bayansa yana dab da ƙasa, kamar ka jingina da ƙyaure ne wani ya buɗe ta ciki.” Daga nan ya daina dariyar. Ya ce minti goma da za ka gaya wa matuƙi kafin iskar nan ta iso, rayuka ne.

Da ya yi ritaya ya dawo gida, sai ya kasa ajiye aikin. Ya kafa wani dogon gora a tudun da ke bayan gidansa. Ya sa Inna ta ɗinka masa wata doguwar jakar yadi mai buɗaɗɗen baki, kamar ƙafar wando, ja da fari, irin wadda ake gani a filin jirgi, ya ɗaure a ƙololuwar goran don ta nuna masa inda iska ta dosa. A gindin goran ya ajiye gwangwani da mazurari. Duk ruwan da aka yi sai ya juye shi a wata siririyar kwalba, ya ɗaga ya duba, ya rubuta a littafi. Mu muna gabas da birni, kuma ya ce hadarin da ya bi ta kanmu, cikin awa ɗaya ko biyu yana kan filin jirgi. Don haka da zarar gabas ta yi baƙi, sai ya hau tudun nan ya kira wani da ya koya wa aiki a ofishinsu na da, ya riƙa karanto masa lambobi da Turanci. Ba wanda ya sa shi, ba wanda yake biyansa.

Yanzu ka tsaya a inda manomi yake tsaye ka duba. Ga jan ƙyalle a kan gora. Ga tsoho yana ɗura ruwan sama a kwalba. Ga shi yana fuskantar hadari yana magana da wani da ba a gani, da harshen da ba kowa ke ji ba. Ni da na yi makaranta har nake koyarwa a firamare, akwai ranar da na hango shi a kan tudun nan rigarsa na kaɗawa, tsikar jikina ta tashi.

Wanda ya fara furta maganar a fili shi ne Mai unguwa, wanda daga baya ya zama surukina. Shi yana da hujjarsa da yake bayarwa a duk majalisa. Shekarar da ya je aikin Hajji, suna zaune a filin jirgi suna jiran shiga, sama tarwai, sai ya hango Baffa can a fili ya saki wani balan-balan, ya bi shi da ido ta cikin wata na'ura har ya ɓace. Ba a jima ba aka ce jirginsu ba zai tashi yanzu ba, hadari na zuwa. Alhazai suka yi ta mita, ina hadarin yake? Kafin awa guda sai ga shi, ya yi ta ɗaga kwanon rufi. “Da idona na gani,” in ji Mai unguwa. “Ya aika saƙo sama, aka amsa masa.” Baffa ya yi bayani ya fi sau goma: balan-balan ɗin iskar sama yake nuna masa, ƙarfinta da inda ta nufa, kuma shi bai isa ya hana jirgi tashi ba, abin da ya gani yake faɗa, matuƙi ne ke yanke hukunci. Mai unguwa sai ya gyaɗa kai ya ce, “Ai haka za ka ce.”

Shekaru maganar tana nan a matsayin tsokana. Sai aka yi wata damina da ruwa ya ɗauke bayan gero ya kai gwiwa. Kwana ashirin da wani abu babu ko ɗigo. Ganyen gero ya nannaɗe, gyaɗa ta kwanta. Aka fita roƙon ruwa sau biyu. Abin da ya fi ɓata rai shi ne hadarin yana haɗuwa. Sau uku gabas ta yi baƙi ƙirin, aka yi tsawa, iska mai sanyi ta kaɗa, mata suka fito da bokitai. Sau ukun Baffa yana kan tudu da waya a kunne. Sau ukun kuma hadarin ya ratse ta kudu ya wuce mu, washegari direbobin Ajingi su dawo da labarin an kwana ana ruwa a birni. Baffa ya ce iskar tekun ce ta ja da baya, ta yi siriri a kanmu. Ba wanda yake son jin labarin teku a lokacin. Liman ya tashi a masallaci ya ce babu mai ɗaure ruwa babu mai sakinsa sai Allah. Kowa ya ce haka ne, aka fito aka ci gaba da ƙus-ƙus.

A shekarar na auri 'yar Mai unguwa, lokacin farin nan tana da ciki wata shida, rumbuna kuma ana hango gindinsa. Ba zan yi ƙarya in ce ina gefe ba. Da hadari na uku ya wuce, na tsaya a gonata ina kallon jan ƙyallen nan daga nesa, na ji na tsane shi.

Ranar Laraba aka taru a ƙofar gidan Mai unguwa aka yanke cewa goran nan sai ya sauka. Bare ba zai shiga bayan gidan mutum da gatari ba, rigima za a yi. Mahaifina ya riga ya rasu. Sai duk idanu suka dawo kaina. Surukina ya ce, “Kai ɗansa ne. Ka je ka yi masa magana da girmamawa. In ya ƙi, ka san abin yi.”

Alhamis da hantsi na je. Na same shi a kan tudu. Na gaishe shi, na yi ta kewaye-kewaye, ya ce, “Faɗi abin da aka aiko ka.” Na faɗa. Bai yi fushi ba. Ya kama hannuna ya ce in ɗaga kai. Ya ce, “Ina ƙyallen ya nuna?” Na ce gabas, ya ɗan karkata arewa. Ya ce, “Kwana nawa rabonka da ka gan shi ya miƙe haka ya tsaya?” Ban sani ba. Ya ce, “Tun daren jiya ya juya. Ta tekun ta dawo, kuma da kaurinta. Shiga madafa ka taɓa gishirin Innarka, ya yi laushi. Gobe ko jibi, da yamma, za a yi ruwa mai yawa, in Allah ya so.” Ya buɗe littafinsa a gabana, ya rubuta ranar, ya rubuta maganar da Hausa don in karanta, ya miƙo mini.

Sannan ya faɗi abin da har yau nake ji a kunnena. Ya ce, “Ka roƙa mini kwana biyu. Bayan nan in suna so ni da kaina zan sauke shi. Amma in aka sare shi yau, ruwa ya sauka gobe, babu abin da zai sake cire maganar nan daga kan mutanen garin nan har in mutu.” A rayuwata ban taɓa jin Baffa ya roƙi wani abu ba sai ranar.

Na ce masa zan faɗa. Na kama hanyar gidan surukina da niyyar faɗa. A hanya ne zuciyata ta fara saƙa: me ya sa sai yau, da ya ji za a sare, ya san ruwa na zuwa? Me ya sa kwana biyu? Ko dai so yake ya kwance abin da ya ɗaure a ɓoye, ya fito da hannunsa a wanke? Kafin in isa, na gama shawo kan kaina. Surukina yana zaune a kan buzu da mutane. Ya ce, “An sare?” Na ce, “Tukuna, Baba.” Ya ce, “Ashe 'yata na ba wa wanda ba ya iya aike.” Aka yi dariya. Maganar kwana biyu ba ta fito daga bakina ba.

Baffa a Gaya yake sallar Juma'a, al'adarsa ce tun dawowarsa. Da na ga ya hau acaɓa ya tafi, na ɗauki gatari na zagaya ta bayan gida. Inna tana tsaye a bakin danga da tsintsiya a hannu. Na wuce ban gaishe ta ba. Sara huɗu goran ya faɗi. Na kwance ƙyallen na kai wa surukina, aka ƙona shi a ƙofar gida.

Ana kiran la'asar gabas ta haɗe. Wannan karon bai ratse ba. Aka yi ruwa har kwari suka cika, har katangar makaranta ta zube. Mata suka yi ta guɗa, yara suna tsalle a cikin taɓo. Mutane suka zo ƙofar gidana a jiƙe suna sa mini albarka, wani tsoho har da kuka, yana cewa na ceci gari. Na karɓa. Wallahi na ji daɗi, wannan ma ba zan ɓoye ba.

Da ruwan ya tsagaita na hango Baffa ya sauka daga acaɓa, babbar rigarsa ta manne masa a jiki. Na laɓe a bayan darbejiya ina kallo. Ya hau tudun, ya tsaya a kan kututturen goran, ya daɗe. Sannan ya sunkuya ya ɗauki gwangwaninsa, ya juye ruwan a kwalba, ya ɗaga ya duba, ya ciro littafi daga aljihu ya rubuta.

Daga ranar abin da ya faɗa ya tabbata. Ba wanda ya kore shi, ba wanda ya zage shi a fuska. Garinmu ba haka yake hukunci ba. Sai dai in ya shiga sahu, na kusa da shi ya tuna bai gyara takalminsa a waje ba. In Inna ta yi waina ta sadaka, a karɓa a gode, a ba wa kaji. Duk shekarar da ruwa ya yi jinkirin mako guda, sai ka ga mutane suna bi ta bayan gidansa kamar masu neman akuya, suna leƙen ko ya sake kafa wani abu. Bai sake kafawa ba. Ya koma kallon hayaƙin madafar Inna da ganyen tsamiya don ya san inda iska ta dosa. Wayar kuwa bai daina ba. Har da aka gaya masa cikin ladabi cewa yanzu akwai na'urorin da ke hango hadari daga sama, sai ya ce na'ura ba ta jin sanyin iska a fatarta, ya ci gaba da kira har idonsa ya daina gani sosai.

Akwai shekarar da wani tsohon matuƙin jirgi ya zo takanas da mota ya gaishe shi. Mutum mai furfura ya durƙusa a gaban Baffa, ya ce akwai yammacin da yana dab da sauka aka ce masa wani dattijo a gabas ya kira, iska mai ƙarfi na tafe, sai ya ɗaga ya yi ta kewaya a nesa har ta wuce, da mutane cike da jirginsa. Ya sauke buhun shinkafa da shadda ya tafi. Na ce a raina yau dai gari zai gane. Kafin magariba labari ya zaga cewa iyayen gidansa sun kawo masa ladan aiki.

Ni kuwa bai taɓa canza mini fuska ba, kuma wannan ya fi duka ciwo. Da matata ta haihu, shi ya yi wa yarinyar huɗuba. Duk farkon damina sai ya aiko a kira ni, ya ce, “Kada ka yi shuka da ruwan nan, iskar ba ta zauna ba. Jira na gaba.” Sai in jira. In maƙwabta suka tambaye ni me ya hana ni shuka, in ce iri ne bai zo hannu ba. Nasu ya tsiro ya ƙone, su sake, nawa ya tashi lafiya, a ce ina da sa'a. Da iliminsa nake cika rumbu, a majalisa kuma in an taɓo maganarsa sai in duba agogo in ce ina da uzuri. Surukina ne fa Mai unguwa. 'Ya'yana jikokinsa ne. Kuma sunan wanda ya ceci gari yana da daɗin ɗauka.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali. Shekara uku da suka wuce, ya yi rashin lafiya, na same shi shi kaɗai a zaure. Na ce, “Baffa, ka yafe mini maganar goran nan.” Ya ce, “Na yafe tun kafin in sauka daga acaɓa, don tun a hanya da na hango tudun babu ƙyalle na san an sare.” Na ji sanyi, har na fara miƙewa. Sai ya ce, “Abin da ke tsakanina da kai ya wuce. Amma abin da ka ɓoye musu, ba nawa ba ne da zan yafe.” Bai ƙara ba, bai kuma sake tayar da maganar ba. Na ce a raina zan faɗa bayan girbi. Girbi uku aka yi.

To, ranar Alhamis aka yi addu'ar uku. Da sassafe na shiga wajen Inna na ce ta ba ni littafin waccan shekarar. Yana cikin akwatin ƙarfe da sauran, ta ciro shi ba tare da ta nema ba. Ƙofar gida ta cika, tabarmi har bakin hanya. Surukina yana gaba kusa da Liman, ya tsufa, sandarsa a kan cinya. Da aka gama karatu, kafin a shafa, na miƙe.

Na faɗi komai. Na ce kwana ɗaya kafin in sare goran, Baffa ya nuna mini iska ta juya, ya ce ruwa na zuwa gobe ko jibi. Na buɗe littafin na karanta, na ɗaga shi don na kusa su ga ranar da rubutun hannunsa. Na ce ya roƙi kwana biyu, ni na danne saƙon. Na ce ko an sare ko ba a sare ba ruwan nan yana tafe, gatarina bai saki komai ba, albarkar da aka sa mini ba tawa ba ce. Na ce na zalunci uban da ya rage mini, ina kuma neman gari ya janye abin da yake faɗa a kansa. Na rufe littafin.

Surukina ya ɗago kai. Murya a kwance ya ce, “Ka ce da idonka ka ga ya rubuta za a yi ruwa, tun ba a yi ba?”

Na ce, “Da idona, Baba.”

“Ya kuma faɗi ranar?”

“Ya ce gobe ko jibi, da yamma.”

“Aka kuma yi, da yamman.”

“Aka yi.”

Ya juya ya dubi jama'a. Ya ce, “To, kun ji. Mu duk shekarun nan zato muke yi. Yau ɗansa ya ba da shaida.”

Na ga kawuna suna gyaɗawa, layi bayan layi. Na ce ba haka nake nufi ba, na fara maganar iskar teku da ta sama, na ji kaina ina rikita su, wadda ke ƙasa na kai ta sama. Shekara nawa yana zana mini a ƙasa, ashe rabi na riƙe. Liman ya ce a ji tsoron Allah, sanin alama daban, iko daban. Wani malami daga Gaya ya goyi bayansa. Aka ce musu haka ne. Sai aka fito da fantekan abinci, aka shafa fatiha, mutane suka fara neman takalmansu. Wani ma ya dafa kafaɗata a kan hanyarsa ya ce na yi ƙoƙari, ba kowa ke iya faɗar gaskiya a kan nasa ba.

Na shiga cikin gida da littafin a hannu. Inna tana zaune a bayan katangar zaure, inda ake jin komai. Na durƙusa, na kasa ɗaga ido. Na ce, “Inna, na faɗa.”

Ta ce, “Na ji.” Ta karɓi littafin, ta share bangonsa da gefen zaninta. “Da ranar ka faɗa, da shi zai tashi ya amsa musu, ya iya. Yanzu wa zai amsa?”



Allah ya jiƙan Baffa, ya sanyaya makwancinsa, ya saka masa da kowane rai da ya sauka lafiya saboda kiransa. Wanda ya karanta wannan, in zai roƙa wa wani yafiya, ni ne mai bukata.